Yadda kamfanoni ke yi da sukar kwastomomi a intanet idan rigima ta tashi

Idan kwastomomi suka yi wa kamfani ca a Facebook, X ko Instagram, akwai ma'aikatan da aikinsu ke nan: su zauna su tace abin da jama'a ke rubutawa. Ga dabarun da suke bi, da abin da doka ta ce, don mai saye da mai sayarwa su san inda suka tsaya.

Dabarun da aka fi amfani da su

Ta farko ita ce ɓoyewa. A Facebook, mai shafi na iya ɓoye maganarka ta yadda kai da abokanka ne kawai za ku riƙa ganinta. Kai kana ganin ka yi magana, ashe ba wanda ya ji.

Ta biyu, tace kalmomi. Kamfani kan jera kalmomi irin su "damfara" ko "jabu", duk rubutun da ya zo da su sai na'ura ta ɓoye shi tun kafin a gani.

Ta uku, rufe ƙofa gaba ɗaya: a goge rubutu, a toshe mutum, ko a taƙaita masu iya ba da amsa. Twitter, wato X a yanzu, ya kawo damar ɓoye amsoshi a 2019, sannan ta zaɓar masu amsawa a 2020.

Ta huɗu ita ce "ka same mu ta akwatin saƙo". Wani lokaci gyara ake nufi da gaske, wani lokacin kuma so ake a janye maganar daga idon jama'a.

Goge zagi, barazana ko lambar wayar wani ba laifi ba ne. Matsalar ita ce goge ƙorafi na gaskiya.

Inda gogewa ta jawo magana

A watan Maris na 2010, ƙungiyar Greenpeace ta saki bidiyo tana zargin Nestlé da sayen manja daga kamfanin da ke sare dazuzzuka a Indonesiya. Nestlé ya sa aka cire bidiyon daga YouTube, ya kuma ce zai goge rubutun duk wanda ya sa tambarinsa da aka jirkita a matsayin hotonsa na Facebook. Sai abin ya zama kamar an zuba wa wuta fetur. Daga baya kamfanin ya ba da haƙuri kan yadda aka amsa wa mutane, kuma a watan Mayu ya sanar da sabon tsarin sayen manja.

A nan gida, a Satumbar 2023, wata mata a Legas ta rubuta a Facebook cewa tumatirin gwangwani na Nagiko, na kamfanin Erisco Foods, ya cika zaƙi. Kamfanin ya kai ƙara, 'yan sanda suka kama ta suka kai Abuja, aka kuma tuhume ta a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015. Maimakon magana ta mutu, sai jama'a suka fara kiran a ƙaurace wa kayan kamfanin, labari ya kai har kafafen ƙasashen waje.

Me doka ta ce?

A Amurka, dokar 2016 ta haramta wa kamfani sa sharaɗin hana kwastoma faɗin ra'ayinsa a cikin yarjejeniya. A 2022 kuma kamfanin tufafi na Fashion Nova ya amince ya biya dala miliyan 4.2 bayan hukumar FTC ta zarge shi da danne ra'ayoyin da ba su kai tauraro huɗu ba.

A Najeriya, hukumar FCCPC, wadda aka kafa da dokar 2018, ita ke karɓar ƙorafin masu saye. Amma fa dokokin ɓata suna na nan daram.

Saboda haka in za ka yi ƙorafi, ajiye rasit, ɗauki hoton kayan da na rubutunka kafin a goge, kuma ka tsaya kan abin da ya same ka, ban da ƙari. Kai kuma ɗan kasuwa, ko a Mile 12 kake ko a Sabo ta Ibadan, amsa ƙorafi a bainar jama'a ya fi goge shi sauƙi, domin wanda ka goge wa rubutu ya riga ya ɗauki hotonsa.