FASHIN BAƘI: Motocin alfarma da hunturun Gumel: Abin da ke amfani a kan hanya da abin da ya tsaya ga ado

Idan masu motoci a Turai da Amurka suna kwatanta motocin alfarma, tambayar da ba sa tsallakewa ita ce yadda kowace mota ke riƙe hanya a kan dusar ƙanƙara. Kamfanonin Jamus da ke ƙera Mercedes-Benz da BMW da Audi sukan kai sababbin motocinsu arewacin Suwidin kowace shekara domin a gwada su a kan tafkunan da suka daskare. Bayan shekaru, da yawa daga cikin irin waɗannan motoci sukan sauka a tashar jiragen ruwa ta Legas a matsayin na hannu, daga nan su haura Arewa, su shiga hannun 'yan kasuwa da manyan ma'aikata da 'yan siyasa.

Wasu daga cikinsu a Masarautar Gumel suke ƙarewa, wato ƙananan hukumomin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar da ke arewacin Jihar Jigawa, waɗanda kuma su ne mazaɓa guda a Majalisar Wakilai ta Tarayya. A nan ma akwai hunturu, sai dai na ƙura ne da hazo, kuma bazara mai zafin gaske ce ke biye da shi. Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Motar da aka ƙera domin sanyin Jamus ko Kanada ma haka take, shi ya sa mai saye a wannan yanki yake bukatar nasa ma'aunin.

Motocin da ake kwatantawa

Salun ita ce ƙaramar mota mai ƙofa huɗu da but a baya, wadda ba ta da tsayi kamar jif. A cikin na alfarma, huɗu aka fi haɗawa wajen kwatanci.

Mercedes-Benz E-Class, wadda Hausawa ke kira Marsandi, ita ce ta fi daɗewa a zukatan mutane. Samfurinta na shekarun 1980 da 1990, wanda aka yi wa laƙabi da V-Boot, ya yi suna wajen juriya. Ƙafafun baya ne ke tura ta, amma akwai mai tambarin 4MATIC wadda ƙafafu huɗu ke ja.

BMW 5 Series ma ta baya take turawa, kuma mai jan ƙafa huɗu tana ɗauke da tambarin xDrive. An san ta da biyayya ga sitiyari a kan kwalta mai kyau.

Audi A6 tana zuwa mai jan gaba ko mai tsarin quattro, wanda kamfanin ya fito da shi tun 1980.

Lexus ES ta kamfanin Toyota ce, wanda ya ƙaddamar da sunan Lexus a 1989. Galibinsu ƙafafun gaba ke ja. Samfurin ES 350 yana da inji mai lita 3.5, irin wanda ke cikin manyan Camry da Avalon, kuma wannan dangantaka tana da tasiri sosai idan aka zo batun gyara.

Hunturu iri biyu

A ƙasashen sanyi, matsalar direba santsi ce. Idan ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 7, robar taya ta yau da kullum takan sandare, ta rage kama ƙasa, don haka ake sauya ta da tayar hunturu mai laushi. Haka kuma ake saka kujeru da sitiyari masu ɗumama jiki, da madubai masu narkar da ƙanƙara.

Hunturun arewacin Jigawa yakan kama daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da busasshiyar iska ke kaɗowa daga arewa maso gabas ɗauke da ƙurar Sahara, wadda kaso mai yawa nata ke tasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi. Da asuba akan yi sanyi mai ratsa jiki, amma ba ya kaiwa ga daskarar da ruwa a kan hanya. Kwalta a bushe take. Abin da ke ragewa shi ne nisan ganin direba, abin da ke wahala kuma shi ne numfashin inji. Da watan Afrilu ya kama, zafi kan haura digiri 40. Daga Yuni zuwa Satumba kuma damina ce, mai cika kwari da ruwa, ta kuma zaizaye gefen titi.

Yashi da tsayin mota

Kalmar jigawa kanta tana nufin tudun ƙasa mai rairayi. Babbar hanyar da ta taso daga Kano ta Gujungu, ta ratsa yankin Gagarawa zuwa Gumel da Maigatari, kwalta ce. Amma wanda zai shiga ƙauyukan Sule Tankarkar ko na bakin iyakar Nijar domin ta'aziyya ko ɗaurin aure ko duba gona, sau da yawa sai ya sauka kan burji ko yashi.

A irin wannan hanya, tazarar da ke tsakanin cikin mota da ƙasa ta fi ƙarfin inji muhimmanci. Yawancin salun na alfarma suna da tazarar santimita 13 zuwa 15, yayin da Prado da Land Cruiser ke da sama da 20. Idan tayoyi suka nutse a sawun da manyan motoci da amalanke suka haƙa, cikin motar yakan hau kan tudun tsakiya, ƙafafun su riƙa juyawa a banza. Tsarin 4MATIC ko quattro yana taimakawa wajen tashi a kan yashi marar zurfi, amma ba ya ƙara wa mota tsayi.

Na'urorin da aka ƙirƙira domin santsi ma suna sauya hali a nan. Birkin ABS, wanda Mercedes-Benz ta fara sakawa a 1978, yana hana taya kullewa, kuma yana ceton rai a kan jiƙaƙƙiyar kwalta. A kan tsakuwa ko yashi kuwa yakan tsawaita nisan tsayawa, don haka dole direba ya ƙara tazara. Na'urar hana taya zamewa takan rage wa inji ƙarfi da zarar ta ji ƙafa na juyawa a wuri ɗaya, wanda hakan kan kafe mota a yashi. Ƙwararrun direbobi sukan kashe ta na ɗan lokaci, su rage iskar taya kaɗan, su tafi da gudu daidai ba tare da tsayawa ba, sannan su mayar da komai yadda yake idan sun hau kwalta.

Hazo da ƙura

A ranar da hazo ya sauka sosai, babbar fitila ba ta ƙara gani, domin haskenta yakan bugi ƙurar ya dawo idon direba. Ƙaramar fitila da fitilun hazo na ƙasan bamba su suka fi dacewa, tare da rage gudu. Wannan ya fi zama wajibi a ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, lokacin da hanya ke cika da tireloli masu ɗauke da shanu da raƙuma, da babura, da dabbobin da ake korawa a ƙafa.

Sababbin motoci suna dogara da kyamarori da na'urorin hango abin da ke gaba domin taka birki da kansu ko gargaɗin kauce wa layi. Ƙura tana rufe idanun waɗannan na'urori, kuma inda babu zanen layi a kan titi, wasunsu ba su da abin karantawa. Ba a yi su don su maye gurbin idon direba ba.

Matatar iskar inji tana toshewa da wuri a hunturu, kuma wa'adin sauyawa da ke cikin littafin mota an rubuta shi ne domin ƙasashen da ba su da irin wannan ƙura. Toshewarta na rage ƙarfin mota, yagewarta kuma na barin yashi ya shiga ya ci cikin inji. Akwai wata matatar ta iskar da mutanen cikin mota ke shaƙa, wadda mutane da yawa ba su san da ita ba. Goge busasshen gilas da waifa ba tare da ruwa ba kuwa yana karce shi.

Taya, ruwan lagireto da zafi

Wasu motocin da aka shigo da su daga Kanada ko arewacin Amurka sukan iso da tayoyin hunturu. Ana gane su da hoton dutse mai kololuwa uku da alamar dusar ƙanƙara a ciki. A kan kwaltar bazara irin wannan taya tana saurin cinyewa, kuma birki ba ya kamawa yadda ya kamata. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Gishirin da ake watsawa a titunan waɗancan ƙasashe domin narkar da ƙanƙara yana haddasa tsatsa, don haka ya kamata a ɗaga mota a duba ƙarƙashinta kafin a biya kuɗi.

Ruwan lagireto mai launi ba domin hana daskarewa kaɗai aka yi shi ba. Yana jure zafi fiye da ruwan zalla, yana kuma hana tsatsa, saboda haka maye gurbinsa da ruwan rijiya asara ce da ke bayyana daga baya. A damina kuma, hancin da injin salun ke shaƙar iska yana kusa da ƙasa. Idan ya zuƙi ruwa a kwari, injin na iya lalacewa nan take.

Kayan ƙawa

Manyan rim masu siririyar taya suna da kyan gani, amma rami ɗaya ya isa ya fasa taya ya lanƙwasa rim. Motocin BMW da yawa ba sa zuwa da tayar ajiya, domin tayoyinsu na iya tafiyar kusan kilomita 80 bayan sun sace, alhali daga Gumel zuwa Kano, inda za a fi samun madadinsu, ya kai kimanin kilomita 120. Shokozoba mai aiki da iska tana da taushi, har tana iya ɗaga mota kaɗan, sai dai idan ta tsufa ta fara yoyo motar kan durƙusa, gyaranta kuma yana da tsada. Rufin gilas yana ƙara zafi, kuma magudanansa kan toshe da ƙura su zubo da ruwa ciki. Baƙin gilas yana bukatar izinin 'yan sanda.

Abubuwan da suka cancanci kuɗinsu a wannan yanki su ne na'urar sanyaya mota mai ƙarfi, kujeru masu hura iska, farantin ƙarfe mai kare ƙasan inji, cikakkiyar tayar ajiya da famfon iska.

Gyara da mai

A nan ne Lexus ke samun galaba a kan takwarorinta na Jamus. Bakaniken da ya saba da Camry zai gane injinta, kuma kayan gyaranta sun wadata a Kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano. Marsandi da BMW da Audi na zamani suna bukatar kwamfutar gano matsala da gwani na musamman, wanda sau da yawa ke nufin ɗora mota a kan wata motar zuwa Kano.

Injinansu kuma ba sa haƙuri da gurɓataccen mai, kamar fetur mai yawan sinadarin metanol da aka shigo da shi Najeriya a farkon 2022. Garuruwan kan iyaka sun ɗanɗana wata wahalar daban a Nuwamban 2019, lokacin da Hukumar Kwastan ta hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, abin da ya tura mutane da dama wajen 'yan bumburutu. Tun daga cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, shan man babban inji ya zama abin lissafi har ga masu hali. Takardun kwastan ma abin dubawa ne da kyau, domin gwamnatin Buhari ta haramta shigo da motoci ta iyakokin tudu daga 1 ga Janairu, 2017.

Daga salun zuwa jif

Akwai lokacin da salun ce motar mulki a Najeriya. A cikin baƙar Marsandi aka kashe Janar Murtala Muhammad a Legas ranar 13 ga Fabrairu, 1976. Peugeot 504, wadda aka riƙa haɗawa a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975, ta daɗe tana matsayin motar jami'an gwamnati.

Majalisar Wakilai ta takwas ta saya wa mambobinta Peugeot 508. A 2020 ta tara ta zaɓi Toyota Camry. A Oktoban 2023 kuwa majalisa ta goma ta koma kan jif domin sanatoci 109 da wakilai 360, a kan farashin da rahotanni suka ce ya kai Naira miliyan 160 kowace ɗaya. Da aka yi ca a kansu, Sanata Sunday Karimi, Shugaban Kwamitin Hidimomin Majalisar Dattawa, ya kare matakin da hujjar lalacewar hanyoyin ƙasar. Ƙungiyar SERAP ta garzaya kotu domin a dakatar da sayen.

Ta fuskar kanikanci, hujjar sanatan tana da tushe: salun ba za ta iya shiga kowane lungu na mazaɓa irin ta Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar ba. Sai dai majalisar da ta yi wannan hujja ita ce ke amincewa da kasafin gina hanyoyin tarayya, ita ke kuma sa ido kan yadda aka kashe shi, kamar yadda majalisar jiha ke yi wa hanyoyin jiha da na karkara. Hanyar da ta gagari Marsandi ita ce dai wadda ƙaramar motar haya ke bi da mai naƙuda zuwa Babban Asibitin Gumel, ita ce kuma manomin riɗi da gero ke bi zuwa kasuwa. Wakili yana da halin sauya mota, amma waɗanda suka zaɓe shi ba su da abin yi sai jiran a gyara hanyar.