Takobin Kokowa da Kuɗin Hatsi

Duk lokacin da aka buɗe gasar kokowar gargajiya ta ƙasar Nijar, wayoyin shirina na rediyo sukan canja murya. Mutanen da jiya suke kukan tsadar gero, yau gardamarsu ɗaya ce: wa zai ɗauki takobi? Wannan ne ya sa na koma neman asalin gasar.

Kokowa ta daɗe a karkara. Bayan kaka, in rumbuna sun cika, samarin wannan gari sukan taka zuwa wancan, a yi kiɗa, a yi kirari, a gwada ƙarfi. Abin da ya mayar da ita gasar ƙasa ya biyo bayan wahala ne. Farin da ya yi tsanani a 1973 ya kashe dabbobi, ya kori mutane daga gidajensu. A watan Afrilun 1974 sojoji suka hamɓarar da Diori Hamani, Seyni Kountché ya hau mulki. A 1975 aka yi gasar farko a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi.

Ina ganin hikimar a fili take. Ƙasar da yunwa ta jijjiga tana buƙatar abin da zai haɗa Bahaushe da Bazabarme da Babarbare a fili ɗaya. Gasa tsakanin jihohi ba ta gushe ba, sai dai an ba ta da'ira da alƙali da ranar ƙarewa. Yau jihohi 8 ne, kowace da 'yan kokowa 10, kuma bikin yana zagayawa daga jiha zuwa jiha. Mutumin Dosso zai yi alfahari da Issaka Issaka, na Damagaram ya ji haushi, gobe su haɗu a kasuwa su yi ciniki.

Akwai masu cewa an ba talaka kallo ne domin ya manta da cikinsa. Ban ƙi ta tasu ba, domin masu mulki sun san amfanin taron da hankalinsa ke kan fage. Amma manomin da ya kafa kunne ga rediyo bai manta da kuɗin tiya ba. Hutu ya ɗauka, a wurin da ɗan talaka ke iya kayar da kowa a idon duniya, ba hanya, ba uban gida.

Kwana biyu da miƙa takobi, masu kirana sukan koma zancen gero. Ni ma sai in bi su.