Daga Tauraruwa Mai Wutsiya Zuwa Duniyar Equiano



A shekarar 1969, shekarar da ɗan Adam ya fara taka wata, kamfanin NNPC na Zariya ya buga littafin Umaru Dembo, Tauraruwa Mai Wutsiya. A ciki aka ɗauki yaro Bahaushe aka yi sararin samaniya da shi. Lokacin nan babu masanin da ya tabbatar da ko duniya ɗaya mai kewaya wani tauraro in ba ranarmu ba.

A 1995 Michel Mayor da Didier Queloz, 'yan ƙasar Suwizalan, suka gano 51 Pegasi b, duniyar da shekararta ba ta wuce kwana huɗu da 'yan sa'o'i ba. Ba da ido suka gan ta ba: tauraron suka lura yana ɗan rangaji saboda jan da take yi masa. Zuwa 2022 an tabbatar da irinta fiye da 5,000.

Nijeriya ma ta sami rabonta. A 2019 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta ba ƙasashe damar raɗa suna. Tauraro HD 43197 ya zama Amadioha, duniyarsa kuma Equiano, sunan Olaudah Equiano, bawan da ya fanshi kansa ya buga tarihin rayuwarsa a 1789. Ku duba fa, marubuci aka karrama.

Equiano ƙatuwar dunƙulen iska ce, babu ƙasar takawa. Hanyarta ba da'ira ba ce: takan matso kusa da tauraronta, sannan ta yi nisa ƙwarai. Nan iliminmu ya tsaya, nan kuma alƙalami zai ɗora. A ce tana da wata mai ruwa. Yaya mutanensa za su yi da bazarar da ke ƙone komai, da hunturun da ke daskarar da rafi? Wa ke da ikon rumbu? Yarinyar da ta taso a Jakara, ta saba da hayaniyar Kasuwar Kurmi, me za ta fara kewa a can?

Ka fara riƙe abin da aka tabbatar, sannan ka ƙaga sauran. Kakanninmu sun raɗa wa Gamzaki da Zara da Kaza da 'Ya'yanta suna. Dembo ya share hanya tun fiye da shekara 50. Wa zai kai Hausa Equiano?