Marka da Gindin Gini: Nazari kan Harsashi da Bututun Ruwa a Gidajen Tambuwal da Kebbe

Tambuwal da Kebbe suna kudancin Jihar Sakkwato, inda damina ta fi ta Illela da Gada ƙarfi. Tambuwal na kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta nufi Jega, Kebbe kuwa na yankin Gulbin Zamfara, wanda ke gangarowa ta Gummi. Ruwa yakan zauna daga Yuni zuwa Satumba, ya fi tsanani a Agusta, lokacin marka. A watan ne ake yawan jin katanga ta faɗi, masai ya rufta, ɗaki ya tsage, a ce ruwa ya ci gidan wane. Abin da nazarin nan ke son nunawa shi ne, in an ware ambaliyar gulbi, gidaje da yawa ruwan rufinsu da na tsakar gidansu ne ke cin su, domin ba a yi masa hanyar fita ba.

A fara da lissafi. Milimita 1 ta ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Rufi mai murabba'in mita 100, idan aka yi ruwa na milimita 50 a dare guda, zai zubar da lita 5,000, wato duro 25 na lita 200. Tambayar ita ce ina wannan ruwa yake sauka. Magina na da sun ba ta amsa: soro yana da indararo mai tsawo da ke watsa ruwa nesa da bango, ana sabunta yaɓe kafin damina, masu hali su shafa makuba. Da kwano ya shigo, sai ya kawar da yoyon soro, amma ya zo da tasa matsalar. Yana zubar da ruwa da sauri, kuma sau da yawa bakinsa bai wuce bango da taƙi biyu ba. Wanda ya duba bayan irin wannan ɗaki a Agusta zai ga layin ƙananan ramuka a ƙasa daidai bakin kwanon, ga gansakuka ta kama gindin bango, ga yaɓe ya jiƙe har gwiwa. Nan ɓarnar take farawa.

Yadda ruwan zai yi da harsashi ya danganta da irin ƙasar. A tudu mai yashi, ruwa na nutsewa da sauri, yana tafiya da laushin ƙasar da ke ƙarƙashin gini, sai wani sashe ya zauna ya bar wani. A gefen fadama kuwa, inda laka ta yi yawa, ƙasa na kumbura da damina ta tsuke da rani, ta riƙa ɗaga gini tana sauke shi shekara da shekaru. Da a ce gini zai nutse gaba ɗaya daidai wa daida, da da sauƙi. Abin da ke tsaga bango shi ne kusurwa ɗaya ta sauka ta bar sauran. Alamarsa tsaga ce a karkace, mai tasowa daga kusurwar taga ko ƙofa, da ƙyauren da ke ƙin rufuwa da damina ya koma daidai da rani. Mai gida yakan kira kafinta ya fere ƙyauren, alhali ciwon yana ƙarƙashin ƙasa.

A ganina gidan da ya fi shiga haɗari shi ne mai rabi da rabi: bangon ƙasa, filastar siminti, rufin kwano. Siminti ba baƙo ba ne a ƙasar Sakkwato, tun 1967 ake yin sa a Kalambaina, kuma shafa shi a bangon ƙasa ya zama alamar rufin asiri. Sai dai siminti da ƙasa ba sa motsi tare. Filastar kan tsage, ruwa ya shiga bayanta, ita kuma ta hana shi bushewa. Daga waje bango lafiya lau, a ciki tubali ya zama taɓo. Idan aka ƙwanƙwasa aka ji kamar ganga, to filastar ta rabu da bango. Ginin bulo ma bai tsira ba idan an tsuke siminti wajen buga bulon, ko an tsallake shimfiɗar hana danshi da magina ke kira DPC. Danshi na hawa ta ƙofofin bulo, ya bushe ya bar farin gishiri mai ɓarɓashe fenti da filasta.

Batun bututu a waɗannan garuruwa ya sha bamban da na manyan birane. Abin da ake da shi galibi rijiya ce ko burtsatse, da tanki a sama, da bututun roba da aka binne ba zurfi, sai masai da sokawe. Dukkansu a ƙasa ɗaya suke da harsashi, saboda haka abin da ya taɓa ɗaya ya taɓa ɗayan. Idan ƙasa ta motsa, bututu kan tsage a mahaɗa, musamman inda ya ratsa bango. Yoyon ba ya fitowa fili, yana jiƙa gindin gini dare da rana, ginin ya ƙara zama, tsagar ta ƙara buɗewa. Sokawe kuwa aikinsa tsotse ruwa, to in ƙasa ta ƙoshi da ruwan marka ba inda zai tsotse, sai ya cika ya dawo ta banɗaki. Masan da ba a gina bakinsa da bulo ba shi ne ke ruftawa, kuma da yake ƙuncin fili kan sa a haƙa shi a jikin katanga, yakan ja katangar su tafi tare.

A nan maganar ta wuce gini ta shiga lafiya. Ƙa'idar da hukumomin agaji na duniya ke bi ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, kuma gindin ramin ya ɗara ruwan ƙasa da mita 1.5. Gidaje nawa ne a tsohon gari ke da irin wannan fili? Ko da mai gida ya kiyaye, masan maƙwabci na bayan katanga. Bututun da ya tsage ma, duk lokacin da babu ruwa a cikinsa, ƙazantar waje na iya shiga. A 2021 an samu rahoton mutum fiye da 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, Sakkwato na cikin jihohin da abin ya shafa sosai, kuma cutar da damina ta fi ƙamari.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin mai gida. Kududdufan da aka haƙi ƙasar gini a cikinsu su ne matattarar ruwan unguwa, yanzu ana cike su ana yanka filaye. Titi idan aka gyara yakan ɗara daɓen tsoffin gidaje, wuriya ta koma shigo da ruwa maimakon fitarwa. Leda ta toshe kwata. Kowa na ɗaga nasa daɓe yana tura wa na ƙasa da shi ruwa. Ana tuna ambaliyar 2010 da ta biyo ta Goronyo, da ta 2020 da ta cinye shinkafar Jihar Kebbi, amma wannan ƙaramar ɓarna ta gida gida ba ta cika shiga labarai ba.

Gyaran bai kai kuɗin sake gini ba: a tsawaita bakin kwano ko a sa masa mazurari zuwa tanki, a yi daɓe mai gangara kewaye da gindin bango, a nisanta sokawe da harsashi, a gina bakin masai, a yashe wuriya. Lokacinsa Afrilu da Mayu ne, kafin ruwa ya zauna. Abin da ya rage na ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe ne, tare da hakimai da sarakunan magina: su hana cike kududdufi sai an yi wa ruwansa wata hanya, kuma kada a karɓi aikin titi a cikin gari in ba a haɗa shi da magudana ba.