Masu rajista da masu zama: tarihin kirifto a bakin iyakar Gobir

Aikina tun wajen 2019 shi ne shigar da mutane manhajojin kirifto tsakanin Sabon Birni da Isa. In karɓi wayar mutum, in sauke masa manhaja, in buɗe masa walet, in nuna masa inda zai danna. Kamfanoni jakadu suke kiran irinmu, mutanen gari su ce 'yan mayinin, samari a Facebook kuma su ce 'yan baiwa. Ofishinmu rumfar cajin waya ce, domin duk mai waya a garin da babu wuta sai ya biyo ta nan. A harkar akwai lissafi iri biyu: yawan waɗanda suka yi rajista, da yawan waɗanda za ka tarar suna buɗe manhajar bayan wata uku. A kan na farko ake biyan mu lada. Na biyu kuwa ba a cika tambayar mu ba, alhali shi ne ainihin labarin.

Kafin mu fara, manhajar zuba kuɗi ta MMM ta riga ta dagula ruwa. A watan Disamba 2016 ta rufe asusun mutane, kuma a bakin masu tallarta ne da yawa suka fara jin sunan Bitcoin. A Janairu 2017 Babban Bankin Najeriya ya gargaɗi bankuna kan kuɗin intanet. Saboda haka duk wanda ka tara da maganar, amsarsa ɗaya ce: ba zan saka ko kwabo ba.

Manhajar Pi ce ta karya wannan ƙofar. An ƙaddamar da ita ranar 14 ga Maris 2019, kuma ba ta ce ka kawo komai ba. Ka danna sau ɗaya cikin awa 24, shi ke nan. Ba ka shiga sai da lambar gayyatar wani, kuma rabonka yana ƙaruwa ne idan waɗanda ka gayyata suna dannawa. Wannan tsari ya mai da zumunci injin riƙe mutane. Yaya ya tashi ƙanensa, miji ya tuna wa matarsa, aboki ya tare aboki a bakin masallaci da tambayar ko ya danna yau. Shekara kusan shida mutane suna dannawa ba su ga naira ɗaya ba. Wasu ma sun riƙe maganar da ta yi ta yawo cewa ƙwaya ɗaya za ta kai dala 314,159, adadin da babu kasuwar da ta taɓa biya. Ban taɓa ganin manhajar da ta iya jawo mutane kamar ta ba. Amma abin da ya riƙe su fata ne, ba amfanin yau da gobe ba.

Inda aikin ya fara nauyi shi ne mabuɗin walet. Manhaja za ta ba ka kalmomin Turanci 12 ko 24, ta ce ka rubuta ka ɓoye, in sun ɓace kuɗinka sun tafi, in wani ya gani ya zama mai su. Wanda ya tsara wannan yana tunanin mutum mai akwatin ajiya a ɗaki, wanda zai kwana inda ya tashi. Mutumin da ke gabana kuwa ya sauke Alkur'ani, yana rubuta bashin kasuwarsa da ajami ba kuskure, amma haruffan boko na Turanci duk kama suke yi masa. Ni zan rubuta masa, ke nan na ga sirrinsa. Ko ya ɗauki hoton kalmomin a waya, ke nan mai gyaran waya ya gani. Ko ya soke takardar a jikin rufin ɗaki, a ƙasar da ake gudu da tsakar dare. A watan Mayu 2020 'yan bindiga suka kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni, jama'a suka yi ta tsallakawa Gidan Runji da sauran garuruwan jihar Maraɗi. Mai gudun ceton rai ba ya tsayawa neman takarda, kuma waya tana cikin abin da ake fara ƙwacewa a hanya.

Wani dattijo mai sayar da albasa ya saurari bayanina har ƙarshe, sannan ya ce, “Ɗana, na ji. To in kuɗɗina sun ɓace cikin wanga abu, wa za ni kamawa?” Na ce, “Baba, babu kowa.” Ya miƙo hannu ya karɓi wayarsa, ya yi mini addu'a, ya tafi. Abin da masu fasahar suke alfahari da shi, cewa babu wani a tsakani, shi ne ya kore shi. Kasuwancin yankinmu a kan mutum aka gina shi. Dillali a kasuwar Shinkafi, ɗan canjin naira da sefa, direban da ake ba saƙon kuɗi zuwa Sakkwato, kowannensu an san gidan ubansa.

Shekarar 2021 ta zo da abu uku. Ranar 5 ga Fabrairu Babban Banki ya hana bankuna hulɗa da masu kirifto, ciniki ya koma hannu da hannu, wanda ake kira P2P. A watan Satumba gwamnatin Sakkwato ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 saboda yaƙi da 'yan bindiga, har da Isa da Sabon Birni. Ranar 25 ga Oktoba kuma Shugaba Buhari ya ƙaddamar da eNaira, kuɗin waya na gwamnati, a Abuja, mu a rediyo muka ji. Mai layin Nijar yakan hau tudu ya ɗaga waya sama ya kamo sabis daga tsallake. Sai dai rajistarsa da lambar Najeriya ya yi ta, kuma lambar tabbatarwa can ake tura ta, layin da ya mutu. Ga intanet a hannu, ga asusu, babu shiga. Mutane da yawa daga nan suka watsar ba su sake dawowa ba.

Ita eNaira tun farko sai mai asusun banki da BVN ke iya buɗe ta, kafin daga baya a kawo lambar *997#. Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya fitar da rahoto a 2023 cewa kashi 98.5 cikin ɗari na walet ɗin da aka buɗe ba a taɓa su a mako. Jarrabawarta ta gaskiya ita ce ƙarancin takardar kuɗi na farkon 2023, bayan canjin fasalin naira. Mutum da kuɗinsa a banki ya kasa sayen kwanon gero. Da a ce akwai lokacin da kuɗin waya na gwamnati zai karɓu, to wannan ne. Amma jama'a OPay da Moniepoint suka nufa, waɗanda ba su da alaƙa da bulokcen, fasahar da kirifto ke tafiya a kanta. A OPay lambar wayarka ita ce lambar asusunka. Ga mai POS zaune a kasuwa, ka san shi, in alat bai shigo ba ka tsaya a kansa har ya shigo. Mai shayi da mai nama suka liƙa lambobinsu a jikin tebur, har yau suna nan. Babu wanda ya biya su ladan gayyata.

Waɗanda suka zauna a kirifto a wajenmu 'yan kaɗan ne, kuma buƙata ce ta zaunar da su. Bayan an saki naira a Yuni 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, jakar sefa ta wuce naira 2,000. Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 ya sa aka rufe iyaka. Ɗan kasuwar da ke saro kaya da sefa yana sayarwa da naira ya ga jarinsa yana narkewa. Irinsu ne suka koyi USDT, wadda ke bin farashin dala, suna ajiye ciniki a cikinta har ranar biya. Ko su ɗin, ƙarshen hanyar mutum ne: wani a Maraɗi zai karɓi USDT ya miƙa sefa, ko ya tura ta Nita ko Al-Izza. Da manhajar Binance ta daina hulɗa da naira a Maris 2024, bayan tsare jami'anta biyu a Abuja, ba su daina ba, wasu manhajojin suka koma. Mai buƙata ba a yi masa tuni.

Sai guguwar danne-danne ta 2024. Notcoin ta fashe, wato ta shiga kasuwa, a watan Mayu, wasu samari suka sami kuɗin da suka sayi sabuwar waya, labari ya gama gari. Hamster Kombat da TapSwap suka biyo baya a Telegram. Matan aure, 'yan makaranta, masu acaɓa, kowa yana dukan gilashin waya har yatsa ya yi zafi. Mutanen birni sun yi ta yi musu dariya, ni ban ga abin dariya ba. Saurayin da gonarsa ke nesa da gari, ba ya iya zuwa sai an biya 'yan bindiga haraji, me zai yi da yininsa? A daminar nan ce aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, aka kashe shi a watan Agusta. A irin wannan hali mutane suka sayi data da kuɗin cefane, suka biya caji safe da yamma. Ranar 26 ga Satumba Hamster ta fashe, da yawa abin da suka samu bai mai da kuɗin data ba. Manhajar da ta yi iƙirarin mutum miliyan 300 ta dawo wajen miliyan 41 cikin 'yan watanni. Masu ita sun sayar da yawan kawuna ga masu talla, su kuma kawunan sun gane.

Pi ta buɗe kasuwa ranar 20 ga Fabrairu 2025, ta kusa dala 3, ta sauko ƙasa da dala 1. Waɗanda suka tsallake tantancewar KYC sun sami wani abu. Sauran kuwa ga sunan katin NIN Muhammadu, ga na manhaja Mohammed, ga ranar haihuwar da aka ƙiyasta a ofishin rajista, shekarun dannawa suka maƙale. A Afrilu manhajar zuba kuɗi ta CBEX ta rushe da kuɗin jama'a, mutanen gari kuma ba su bambanta ta da sauran ba, duk mu suka kalla.

Fasahar tana iya aiki ga mutane irin namu. A sansanin Azraq na Jodan, tun 2017 Hukumar Abinci ta Duniya take raba wa 'yan gudun hijirar Siriya tallafi a kan bulokcen. Mutum ya shiga kanti, na'ura ta duba ƙwayar idonsa, ya ɗauki kayansa. Ba kalmomi 24, kuma akwai jami'in da zai kai wa ƙara. A nan gida hukumar SEC ta ba kamfanonin kirifto Quidax da Busha amincewar farko a Agusta 2024, dokar zuba jari ta 2025 kuma ta san da kadarorin intanet. Abin da nake nema daga masu lasisi shi ne manhaja mai magana da Hausa da murya, hanyar dawo da asusu in waya ta salwanta, da wakili mai rumfa a kasuwa wanda ake biyan sa kan mutanen da suka zauna.

Matsalar da ake kawo mini yanzu ta gado ce. Iyali su zo da wayar mamaci, sun san yana da wani abu a ciki, alƙali ko malamin da zai raba gado yana jiran adadi, kalmomin kuwa babu wanda ya san inda suke. Ba abin da zan iya yi musu. Shi ya sa ba na buɗe wa mutum walet sai ya fara faɗa mini wanda zai riƙe masa kwafin takardar, kuma ya kasance ba gida ɗaya suke kwana ba.