Wasan 'Yar Tsana a Lokutan Biki: Daga Mai Dabo zuwa Talabijin

Wasan 'yar tsana wasa ne da mutum ke ɓuya ya riƙa motsa wani mutum-mutumi na ƙyalle, ko na itace, ko na soso, ya ara masa murya, har 'yan kallo su manta da mai motsawar su koma sauraron abin da ake motsawa. Tsohuwar sana'a ce a duniya, kuma Hausawa da maƙwabtansu Barebari sun daɗe da irin nasu, wanda ake kira dabo. A wannan zamani kasuwar wasan ta koma talabijin, kuma ba ta cika kamar a watan Disamba, lokacin da tashoshin Turai da Amurka ke maimaita finafinan Kirsimeti da waƙoƙinsu. Ta wannan hanya ne yaran unguwannin Hausawa na nesa da gida, irin su Briqueterie a birnin Yawunde na Kamaru, suka san 'yan tsanar Amurka fiye da yadda suka san dabo.

Asali a ƙasar Hausa

'Yar tsana a gidan Bahaushe kayan wasan 'yan mata ce. Da ƙashi ake yin ta, ko kara, ko tsumma, a yi mata kitso da zare, a ɗaura mata zane, a goya ta. Har aure ake yi mata, da 'yan tukwane da 'yar gara, abin da ya zama makarantar farko ta koyon hidimar biki. Malamai da dama da ke tsananta magana kan gumaka da siffofi sun sassauta a nan, saboda ruwayar da ta tabbata cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Dabo kuwa sana'ar manya ce, kuma ta maza. Mai dabo ɗan yawo ne, yana bin kasuwanni da ƙofar gidajen masu hali da wuraren biki. Ba ya ɗaukar rumfa. Babbar rigarsa ce rumfarsa: sai ya kafa sanda, ya yafa rigar a kai, ya shige ciki, ya riƙa fito da 'yan tsanar ta wuyan rigar, kowace a sanye a hannunsa. A bakinsa akwai wani ɗan abu da ake haɗawa da ɓawon ƙwan jimina, shi ke sirantar da muryarsa ta fito kamar fito, ba ta mutum ba, ba ta tsuntsu ba. Da yake maganar ba ta fita sosai, akwai makaɗi ko yaron mai dabo a waje da ke amsawa, yana tambayar 'yar tsana, yana maimaita wa jama'a abin da ta ce. Rabin daɗin wasan yana cikin wannan cacar baki tsakanin na ciki da na waje. A Nijar ana kiran 'yan tsanar ɗiyan dabo.

Labaran gajeru ne, kuma na cikin gari: ɓarawon da dubunsa ta cika, mace mai wasa da hankalin maza, malami, mai sarauta. Da Turawa suka zo, su ma aka ɗinka musu tasu 'yar tsanar. Abin da mutum ba zai iya faɗa a gaban babba ba, ɗan ƙyalle ya faɗa, a yi dariya a watse. Turawan mulkin mallaka sun ga wasan a Barno sun rubuta: wani mai suna Alexander ya bayyana shi a mujallar Man a 1910, sai Ellison a mujallar Nigerian Field a 1935. Dukansu sun ga kamanninsa da wasannin 'yar tsana na titunan ƙasarsu.

Lokacin wasa na shekara

Bahaushe yana da watan da ya keɓe wa wasan yara, wato azumi. Daga goma ga wata ake fara tashe. Bayan shan ruwa yara su fita gida-gida, wani ya manna gemun auduga ya zama tsoho, wani ya rataya tarkacen saiwoyi ya zama Jatau mai magani, wasu su yi Macukule, a ba su hatsi ko 'yan kuɗi. A Kano akwai Nalako, sarkin gwagware, mai farautar waɗanda azumi ya riska ba mata. Fataken Hausawa sun kai irin wannan al'ada har Wagadugu a ƙarni na 19, inda ta zama wasan Dodo, yara na rufe fuska da ƙwarya da aka yi wa siffar dabbobi suna rawa a dararen azumi.

Abin lura shi ne tashe yana da wata, dabo ba shi da shi. Kowace shekara azumi zai dawo ya tuna wa yara tashe, ƙane ya koya daga wa. Dabo kuwa a kan mutum ɗaya ya rataya, ranar da ya tsufa ko ya rasu ba magaji, rigar ta koma rigar sawa. Da rediyo da silima da kaset suka zo, shi suka fara turewa. 'Yan ƙabilar Tibi na jihar Binuwai sun nuna abin da kan faru idan aka ɗaure wasan da lokaci: Kwagh-hir ɗinsu, mai haɗa manyan 'yan tsana na itace da tatsuniya da kiɗa, ana yin sa da rani bayan an kawar da amfanin gona, ƙauyuka na gasa da juna, kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ake tattali a 2019.

'Yan tsanar Kirsimeti

Wanda ya fi kowa ɗaure 'yar tsana da biki a zamanin talabijin shi ne Jim Henson, Ba'amurke, an haife shi a 1936. Ya fara da wani ɗan gajeren shiri a birnin Washington a 1955. Kermit, kwaɗon da ya zama tambarinsa, da tsohuwar rigar sanyin mahaifiyarsa ya fara ɗinka shi, ya raba ƙwallon tebur biyu ya yi masa idanu. Dabararsa ita ce ya jefar da rumfa gaba ɗaya. Masu wasan na ɗaga 'yan tsanar sama da kawunansu, kyamara na ɗaukar sama kawai, su kuma suna kallon ƙaramin allo a ƙasa don su ga abin da mai kallo ke gani. Ya bar itace ya koma ƙyalle da soso, don fuska ta iya motsi ko da kyamara ta matso kusa. 'Yan tsanarsa, da ake kira Muppets, sun shiga shirin yara na Sesame Street tun farawarsa a Nuwamban 1969, sannan suka sami nasu shirin, The Muppet Show, da aka ɗauka a Ingila daga 1976 zuwa 1981.

Kafin shirye-shiryen Kirsimeti na Henson akwai Rudolph na 1964, labarin barewa mai jan hanci, wanda aka yi a Japan ta hanyar gusa 'yan tsana kaɗan-kaɗan ana ɗaukar hoto ɗaya-ɗaya. Amma jerin da masoya suka fi riƙewa na Henson ne. A 1977 ya yi Emmet Otter's Jug-Band Christmas, kuma shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa. Wata gwauruwa ce matalauciya da ɗanta, dabbobin bakin kogi, kowanne na son ya yi wa ɗaya kyautar biki ba shi da ko sisi. Sai aka sa gasar waƙa ta dala 50. Uwar ta jinginar da akwatin kayan aikin da ɗan ke neman abinci da shi don ta sami rigar shiga gasa, ɗan kuma ya huda bahon wankin da uwar ke wankau da shi ya mai da shi abin kiɗa, ba wanda ya gaya wa ɗaya. Duka biyun suka faɗi gasar. A hanyar komawa gida suka haɗa waƙoƙinsu biyu, mai wani gidan abinci ya ji, ya ɗauke su aiki. Labari ne da duk wanda ya taɓa ganin uwa na ƙoƙarin kayan Sallah da hannu wofi zai gane, ko bai san Kirsimeti ba.

Daga nan sai Christmas Eve on Sesame Street a 1978, sai faifan waƙoƙi da shirin da suka yi da mawaƙi John Denver a 1979, sai A Muppet Family Christmas a 1987, wanda ya tara 'yan tsanar shirye-shiryen Henson daban-daban a gida guda.

Henson ya rasu ranar 16 ga Mayu, 1990. Ɗansa Brian ne ya ba da umarnin The Muppet Christmas Carol a 1992, daga littafin Charles Dickens na 1843 kan marowacin attajiri Scrooge da fatalwowin da suka nuna masa jiyansa da yau ɗinsa da gobensa a dare ɗaya. Michael Caine ya fito a matsayin marowacin, ya kuma yi wasan da gaske, bai nuna ko sau ɗaya cewa da ƙyalle yake magana ba, kuma wannan ne ƙarfin fim ɗin. Paul Williams ya rubuta waƙoƙin, kamar yadda ya rubuta na 1977. An cire waƙa ɗaya mai sosa rai, When Love Is Gone, daga wanda aka nuna a silima, masoya suka yi ta ƙorafi shekara da shekaru, sai a 2022 kamfanin Disney, wanda ya sayi Muppets a 2004, ya mayar da ita.

A Briqueterie

Hausawa sun isa Yawunde da fatauci tun zamanin Jamusawa, ta hanyar Adamawa. Unguwar da suka fi taruwa ta samo sunanta daga wurin yin tubalin ƙasa da aka taɓa yi a can, kuma yau an san ta da babban masallaci, da shagunan atamfa da shadda, da teloli, da masu tsire da mutanen gari ke zuwa nema daga ko'ina. Unguwar Musulmi ce a tsakiyar birnin da mafi yawan mutanensa Kirista ne. Gwamnatin Kamaru na ba da hutun Kirsimeti kamar yadda take ba da na Sallah ƙarama da babba, kuma makarantun boko na rufewa a ƙarshen Disamba ga kowa.

Talabijin ya zo Kamaru a makare, a 1985, aka kafa gidan rediyo da talabijin na gwamnati, CRTV, a 1987, daga baya tauraron ɗan'adam ya kawo tashoshin Faransa. Saboda haka yaron Briqueterie da Faransanci ya fi jin waɗannan 'yan tsana, fim ɗin 1992 ma sunansa a can Noël chez les Muppets. Kirsimeti ba bikin yaran unguwar ba ne, amma lokacin hutunsu ne, kuma abin da allo ke nunawa ke nan. Gidajen da ke kallon wannan su ne kuma ke kallon finafinan Kano, inda za a sami soyayya da barkwanci da waƙa, amma da wuya a sami 'yar tsana mai magana.

Yunƙurin da aka fi sani na kusanto da irin wannan wasa ga yaran yankin shi ne Sesame Square, wanda NTA ta fara nunawa a Najeriya a 2011 da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Amurka. Taurarinsa biyu ne: Kami, 'yar tsana mai ɗauke da cutar ƙanjamau da aka fara fitowa da ita a Afirka ta Kudu a 2002, da Zobi, shuɗin direban tasi mai son doya. Daga baya aka yi shi da Hausa da sunan Dandalin Sesame. Shiri ne mai amfani, na koyar da ƙirga da tsafta da zaman tare, sai dai daga waje aka kawo shi, kuma bai ɗauki komai daga dabo ba.

Kayan aikin duk suna nan a gida: labaran Gizo da Ƙoƙi, mutanen tashe da kowa ya sani, teloli irin na Briqueterie da za su ɗinka 'yar tsana a yini guda, da watan azumi da iyali ke zama wuri ɗaya kowane dare. Masu shirya finafinan Hausa da gidajen talabijin su ya kamata su haɗa su. Kafin nan, duk wanda ke da dattijo a Barno, ko Damagaram, ko Maradi, ko arewacin Kamaru, da ya taɓa tsayawa gaban rigar mai dabo, ya zauna da shi ya naɗi bayaninsa a waya tun yana da ƙarfin bayarwa.