Zare: Wa ke zaune a gefen ɗan ƙwallo ranar da zai sa hannu?

1/ Jiya da daddare musu ya kaure a gidan kallo. Wani ƙanena da ke buga wa wata ƙaramar ƙungiya a unguwarmu ya ce shi in Allah Ya ɗaga shi ba ruwansa da eja, da kansa zai yi cinikin kwantiraginsa kamar yadda De Bruyne ya yi. Na ce masa labarin ya fi haka tsawo. Hayaniya ba ta bar ni na ƙarasa ba, shi ya sa na kawo shi nan. Zaren yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri.

2/ Da farko ku sani, akwai zamanin da babu ma cinikin gaba ɗaya. A Ingila, har zuwa watan Janairun 1961, doka ce a lig cewa ba a biyan ɗan wasa sama da fam 20 a mako. Ko kai ne mutum dubu hamsin suka cika fili don su gani, nan albashinka ya tsaya. To me eja zai nemo maka?

3/ Jimmy Hill, ɗan wasan Fulham kuma shugaban ƙungiyar 'yan ƙwallo ta PFA, shi ya jagoranci barazanar yajin aiki har aka soke dokar. Ba a jima ba abokin wasansa Johnny Haynes ya zama na farko da ya karɓi fam 100 a mako. Ninki biyar kenan a tashi ɗaya.

4/ Amma akwai igiya ta biyu a ƙafa. Ko kwantiraginka ya ƙare, kulob yana da ikon riƙe rajistarka, ba ka isa ka buga wa kowa ba sai ya ga dama. George Eastham ya ce zai bar Newcastle, suka hana. A 1960 ya ajiye ƙwallon ya tafi kudancin Ingila yana aikin talla a kamfanin wani abokin gidansu. Daga baya suka sayar da shi ga Arsenal a kan fam 47,500, amma bai janye ƙara ba. A 1963 alƙali Wilberforce ya ce wannan riƙon tauye wa mutum hanyar neman abinci ne.

5/ Ku lura da waɗanda suka yi wannan faɗan: ƙungiyar ƙwadago da lauyoyi. Babu dillali ko ɗaya a ciki, don lokacin babu abin da za a yanki la'ada a kai.

6/ Yanzu mu tsallaka Beljiyam, shekarar 1990. Jean-Marc Bosman ɗan wasan tsakiya ne a RFC Liège, ba wani tauraro ba. Kwantiraginsa ya ƙare, kulob ya miƙa masa sabo: daga faran 120,000 a wata zuwa 30,000. Kashi ɗaya cikin huɗu kenan. Ya ƙi sa hannu. Sai aka sa masa farashi sama da faran miliyan 11, mutumin da su da kansu suka ce aikinsa bai wuce 30,000 ba.

7/ Dunkerque, wata ƙungiya a rukuni na biyu a Faransa, ta ce tana son sa. Liège ta yi shakkar ko suna da kuɗin, ta riƙe takardun, ciniki ya rushe, sannan ta dakatar da shi. Yana da shekara 25, ba kwantiragi, ba albashi, ba kuma izinin tafiya.

8/ Shekara biyar ana shari'a, lauyoyinsa Luc Misson da Jean-Louis Dupont. Ranar 15 ga Disamba 1995 Kotun Tarayyar Turai da ke Luxembourg ta yanke hukunci: ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare yana iya komawa wata ƙasa a cikin Tarayyar ba tare da an biya ko sisi ba. Ta kuma soke ƙayyade adadin 'yan ƙasashen Tarayyar da kulob zai iya sawa a fili.

9/ Shi kansa Bosman, Allah sarki, bai ci moriyar abin ba. Shekarunsa na ganiya sun ƙare a zaryar kotu, manyan kulob suka guje shi, ya koma zama a garejin gidan iyayensa, ya yi fama da damuwa da shaye-shaye kamar yadda ya sha faɗa da bakinsa. Kura da shan bugu, gardi da ƙwace kuɗi.

10/ Gardawan kuwa sun zo. Tunda ɗan wasa zai iya tafiya kyauta, kuɗin da a da za a bai wa tsohon kulob ya koma albashi, da kuɗin sa hannu, da la'adar wanda ya haɗa cinikin. Edgar Davids ya bar Ajax zuwa AC Milan a 1996, McManaman ya bar Liverpool zuwa Real Madrid a 1999, Sol Campbell ya tsallaka daga Tottenham zuwa Arsenal a 2001. Daga nan duk ɗan wasan da ya rage masa shekara ɗaya a kwantiragi ya zama yana da sanda a hannu, kuma eja ne ya san yadda ake kaɗa ta.

11/ Tambayar da na fi so ƙanena ya riƙe ita ce: wa ke biyan ejan? A al'adar wannan kasuwa, sau da yawa kulob ne ke biya a madadin ɗan wasa. Wani lokacin ma mutum ɗaya ne ke wakiltar mai saye da mai sayarwa da wanda ake sayarwa. Ku tuna dillalin kara da ke karɓa a wajen mai sa da wajen mahauci, sai dai a nan san ma yana biya.

12/ Cinikin Pogba a 2016 shi ne misalin da kowa ke kawowa. Manchester United ta biya Juventus yuro miliyan 105. Juventus ta amsa cewa yuro miliyan 27 ya tafi wajen Mino Raiola, takardun Football Leaks kuma suka nuna jimillar abin da zai samu daga ɓangarorin uku ya kai wajen miliyan 49. Ba na cikin masu zagin Raiola, don yaransa ba su yi kukan albashi ba. Amma duk wanda ke ci daga kowace tafiya, zamanka wuri ɗaya ba riba ba ce a wajensa.

13/ In kun ji wannan za ku ce to gara a yi babu su. Ku dakata ku ji na ɗan gida.

14/ Mikel Obi haifaffen Jos ne, ya fito daga makarantar ƙwallo ta Pepsi da Plateau United. Bayan gasar 'yan ƙasa da 17 ta duniya a Finland a 2003, ya ƙare a Lyn, wata ƙungiya a Oslo ta ƙasar Norway. Ya cika 18 ranar 22 ga Afrilu 2005. Mako guda bayan haka Manchester United ta sanar cewa ya sa mata hannu, aka nuna shi gaban 'yan jarida sanye da jar riga mai lamba 21.

15/ Wakilansa ba sa ɗakin da aka sa hannun. Chelsea ta ce ai tuni tana da fahimta da su a kan yaron. Cikin watan Mayu Mikel ya ɓace daga Oslo, jaridu suka cika da maganar an sace shi, har Carlos Queiroz, mataimakin Ferguson, ya nuna Chelsea da yatsa. Sai ga shi a Landan yana cewa matsa masa aka yi ya sa hannu ba tare da masu ba shi shawara ba, kuma shi Chelsea yake so.

16/ A tsakiyar wannan rikici ya tafi Holan da tawagar Samson Siasia, gasar 'yan ƙasa da 20. Najeriya ta kai wasan ƙarshe, Ajantina ta ci 2 da 1. Gwarzon gasa Messi, na biyu Mikel. Bayan gasar Messi ya koma Barcelona yana ta hawa. Mikel ya koma jiran lauyoyi, ɗan wasan da ya buga a Lyn bai taka kara ya karya ba.

17/ Sai a watan Yunin 2006 aka sasanta. Chelsea ta biya fam miliyan 16: miliyan 12 ga United, miliyan 4 ga Lyn. United ba ta ga ya taɓa mata ƙwallo ko sau ɗaya ba, ta tashi da wannan kuɗi saboda sa hannun yaro ɗan 18. A 2008 kotu a Norway ta sami daraktan Lyn, Morgan Andersen, da laifin zamba a kan takardun Mikel, ta yi masa ɗaurin shekara ɗaya na jeka-ka-gyara-halinka.

18/ A ganina babu wanda ya fita fes a labarin nan, har da masu cewa su ne wakilansa, don kowa da inda yake jan yaron. Amma abin ya fara ne daga rana ɗaya da aka ajiye masa takarda da biro, babu kowa nasa a gefe. Allah Ya taimake shi ya yi shekara goma da rabi a Chelsea har da Kofin Zakarun Turai na 2012. Da a cikin shekarar jiran nan gwiwa ta tafi fa?

19/ Akwai masu sa ɗan'uwa a wurin. Messi da mahaifinsa, Mbappé da mahaifiyarsa. Harry Kane yayansa Charlie ne ke tsaya masa. A 2018 ya sa hannun shekara shida da Tottenham. A 2021 ya so tafiya Manchester City, yana ganin akwai alkawarin baki tsakaninsa da shugaban kulob Daniel Levy. Levy ya kalli takarda, bai ga wani saɗara da ya tilasta masa sayarwa ba, ya zauna abinsa. Sai 2023 Kane ya samu fita zuwa Bayern. Amana tana nan, ba a ci masa kwabo ba, amma takarda ba ta san alkawarin baki ba.

20/ To ga De Bruyne ɗin naka, ƙanena. Gaskiya ne a Afrilun 2021 ya sabunta da City har 2025 ba tare da eja ba, bayan ya rabu da wanda ya daɗe yana wakiltarsa a kan rikicin kuɗi. Amma dubi abin da ya shiga ɗakin da shi. Shekararsa 29, ya ci Firimiya sau biyu, shi 'yan wasa suka zaɓa gwarzon 2020, ya kamo tarihin Thierry Henry na taimaka a ci ƙwallo 20 a kaka ɗaya. Tsohon kwantiraginsa ma sai 2023 zai ƙare, ba gaggawa yake ba.

21/ Kuma ba shi kaɗai ba ne. Mahaifinsa da lauyansa suna tare da shi. Ya ɗauki kamfanin Analytics FC ya biya su, suka haɗa masa rahoto da alƙaluma: gudunmawarsa ga City, yadda yake idan aka gwada shi da takwarorinsa da albashinsu, da inda ƙungiyar za ta dosa nan da wasu shekaru. Wato aikin eja ne ya yanka gida-gida, ya bai wa kowane ga gwaninsa, ya biya kuɗin aiki maimakon la'ada. Kimmich ma a shekarar ya yi nasa da Bayern da kansa. Dukkansu mutane ne da kulob ke tsoron rasawa.

22/ FIFA kanta ta kasa tsayawa wuri ɗaya a kan ejoji. A shekarun 1990 ta fara ba da lasisi. A 2015 ta soke, kusan kowa ya iya zama mai shiga tsakani. A 2023 ta dawo da jarrabawa da lasisi, ta kuma sa wa la'ada iyaka: kashi 10 na kuɗin ciniki ga mai wakiltar kulob ɗin da ke sayarwa, kashi 3 zuwa 5 na albashi ga mai wakiltar ɗan wasa. Ejoji suka ruga kotuna a Jamus da Sifaniya da Ingila, kafin shekarar ta ƙare FIFA ta dakatar da iyakar. A wannan shekarar kaɗai kulob-kulob sun biya su dala miliyan 888 a cinikin ƙasa da ƙasa.

23/ Mu a nan abin da ke zuwa filayenmu daban ne. Mutum zai zo da kati da hotunansa a filin jirgi, ya ce akwai gwaji a Turai, iyaye su kawo kuɗin biza da tikiti. Na san gidan da aka sayar da fuloti saboda haka, har yau lambar mutumin a kashe take. Alhali tun 2001 dokar FIFA ta hana kai yaro ƙasa da 18 wata ƙasa don ƙwallo, sai a wasu 'yan keɓaɓɓun yanayi. Eja na gaske kuma daga kwantiragin da ya samo maka yake ci.

24/ Da muka fito daga gidan kallon ne ƙanen nawa ya ja ni gefe ya ce, "Yaya, akwai fa wani da ya ba ni takarda tun makon jiya." Ashe duk cika bakin nan da dalili, tsoro yake ji. Ya ce da Turanci take, shafi huɗu, kuma ya ga an rubuta shekara biyar. Na ce masa a ƙa'idar FIFA yarjejeniyar wakilci tsakanin ɗan wasa da eja ba ta wuce shekara biyu, kuma sunayen masu lasisi suna shafinsu na intanet, za mu duba ko nasa yana ciki. Na ce kada ya sa hannu, kada ya ba da fasfo. Gobe bayan Magariba zai kawo min ita, akwai wani lauya a layinmu da za mu kai wa ya karanta.